Gaɓa Ɗaya, Ma'ana 430: Tarihin Aikatau *set* a Ƙamusoshin Ingilishi

Ɗalibin da ya buɗe babban ƙamus na Ingilishi yakan tarar an yi wa kalma yanka iri biyu. Na farko shi ne ɗige-ɗigen da ake sakawa a tsakiyarta, kamar a *set·ting* ko *run·ning*, waɗanda akasari ake ɗauka alamar rabuwar gaɓoɓi ce. Na biyu shi ne lambobin da ke jere a ƙarƙashinta, 1, 2, 3, kowace da ma'anar da aka jingina mata. Ido yana saurin sabawa da su har a ɗauka haka kalmar ta zo tun asali. Alhali kuwa mutane ne suka zauna suka yanke shawarar inda za a sa kowane ɗigo da kowace lamba, a wasu shekaru da aka sani, saboda wasu buƙatu da su ma aka sani, kuma ba koyaushe bakinsu ya zo ɗaya ba. Aikatau *set*, mai haruffa uku da gaɓa ɗaya tak, ya isa ya nuna yadda abin ya gudana.

A Tsohon Ingilishi, wato harshen da ake yi a Ingila kafin wajejen shekarar 1100, sigar kalmar ita ce *settan*, mai gaɓa biyu. Daga *sittan*, wato zama, aka tsiro da ita, don haka ma'anarta ta asali ita ce sa wani abu ya zauna. Dangantakarsu daidai take da ta "zauna" da "zaunar" a Hausa. Baƙin *t* biyu da ke tsakiyar *settan* a lokacin furta su ake yi da gaske, a danne su kamar yadda Bahaushe ke danne na "hannu" ko "kunne". Da tafiya ta yi tafiya, ƙarshen kalmar ya zaizaye, *settan* ta koma *setten*, ta koma *sette*, har ta tsaya a *set*. Nannauyan baƙin ma ya ɓace daga bakin Turawan Ingila baki ɗaya. Amma rubutu bai saki tagwayen haruffan ba, sai ya ba su wani sabon aiki, wato nuna cewa wasalin da ya gabace su gajere ne. Wani malamin coci mai suna Orm, wanda ya yi rubutu a ƙarni na 12, ya shahara da ninka baƙi bayan gajeren wasali a kusan kowane layi na littafinsa. A 1582 kuma Richard Mulcaster, shugaban wata makaranta a Landan, ya ba da shawarar a daina ninka baƙi a ƙarshen irin waɗannan gajerun kalmomi, a rubuta *put* a maimakon *putt*. Abin da ya zauna a ƙarshe shi ne tsarin da ake gani yau: *set* da baƙi ɗaya, *setting* da biyu, kuma bambancin *hoping* da *hopping* yana kan wasali ne kawai.

Wannan ɗan tarihin yana da amfani ga mai jin Hausa fiye da yadda ake zato. A Hausa ninkin baƙi furuci ne, shi ya raba "daba" da "dabba". Gaɓar Hausa kuma iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Saboda haka rabon "han-nu" da "sar-ki" da "ka-su-wa" ba ya jawo gardama, kunne da alƙalami sun yarda da juna. Ɗalibin da ya saba da wannan, in ya ga *run·ning* a ƙamus, sai ya furta *n* biyu kamar na "hannu". Bature kuwa *n* ɗaya yake furtawa. Ɗigon yana magana ne a kan haruffa, bai ce komai ba game da abin da harshe ke yi a cikin baki.

Gardama a kan inda ya kamata a yanka kalma ta fi zafi ne a littattafan koyar da yara karatu. A 1740 Thomas Dilworth, wani malamin makaranta a Ingila, ya fitar da littafin koyon haɗa baƙi wanda ya mamaye makarantun Ingila da na yankunan da take mulka a Amurka. Dilworth ya bi tsohuwar ƙa'idar da aka gada daga nahawun Latin: baƙi ɗaya a tsakanin wasula biyu na gaɓa ta biyu ne, haka ma jerin baƙaƙen da za su iya fara kalma. Da wannan ƙa'ida ya raba *ha-bit* da *clu-ster*, ya kuma mai da *na-ti-on* gaɓa uku. Ƙa'idar ta dace da Latin, kuma da a ce Hausa aka yi wa ita, da rabinta na farko ya zauna daram. Ingilishi ne ba ta yi wa daidai ba. Noah Webster, matashin malami daga Connecticut, ya nuna dalili a littafinsa na 1783. Yaron da ya ga *ha* ita kaɗai zai ja wasalin, domin a rubutun Ingilishi buɗaɗɗiyar gaɓa dogon wasali take nunawa, sai ya furta kalmar ba daidai ba. Webster ya mai da su *hab-it* da *clus-ter* da *na-tion*. Littafin nasa, wanda aka fi sani da shuɗin bangonsa, an sayar da miliyoyin kwafinsa a tsawon ƙarni na 19, kuma ɗabi'ar Amurkawa ta yanka kalma bisa furuci tana da tushe a nan.

Masu ɗab'i kuwa damuwarsu daban ce. Su abin da ya dame su shi ne inda za a karya kalma in layi ya ƙare ba ta ƙare ba. Horace Hart, shugaban maɗaba'ar Jami'ar Oxford, ya tsara wa ma'aikatansa ƙa'idoji a 1893, kuma a cikin abin da ƙa'idojin suka ƙunsa har da cewa guntun da aka bari a ƙarshen layi ya kamata ya sa mai karatu ya hango ragowar, don haka *happi-ness* ta fi *hap-piness*. Har yau akwai kalmomin da ɓangarorin biyu suka saba rabawa daban: Ingila ta fi karkata ga ƙirar kalma ta rubuta *know-ledge*, Amurka ta bi kunne ta rubuta *knowl-edge*. Ƙamusoshin Merriam-Webster sun faɗa ƙarara a bayanansu na gabatarwa cewa ɗigon nasu wurin saka karan ɗori yake nunawa, shi ya sa ba sa yanke harafi ɗaya a farkon kalma ko a ƙarshenta. Kalmar *about* gaɓa biyu ce a baki, amma ba ɗigo a cikinta. Mutane kaɗan ne ke karanta bayanan gabatarwa na ƙamus, kuma daga nan ruɗanin yake farawa.

Akwai ma inda yankan gaɓa ya dogara kacokan a kan ma'ana. A tsarin Amurka *rec-ord* suna ne, *re-cord* aikatau. *Pres-ent* kyauta ce, *pre-sent* miƙawa. Sai an san abin da kalma ke nufi a jimla kafin a san inda za a karya ta. Wannan ya kawo zance kan yanka na biyu, wanda ya fi na farko wahala nesa ba kusa ba, kuma a nan ne *set*, wadda ba ta da wurin saka ɗigo ko ɗaya, ta gajiyar da masana.

Samuel Johnson ya ɗauki kwangilar rubuta ƙamusunsa a 1746, ya yi aikin a ɗakin saman wani gida a Landan tare da magatakarda shida, ya fitar da shi a 1755 cikin manyan mujalladai biyu masu ɗauke da kalmomi sama da 42,000. A gabatarwar ƙamusun ya yi kuka da wani rukuni na aikatau waɗanda ya ce ma'anarsu ta yi sako-sako, amfaninsu ya yi yawa, har an janye su nesa da ma'anarsu ta farko. Ya lissafa su, kuma *set* da *run* da *put* da *take* da *make* da *get* duk suna ciki. Aikatau *take* kaɗai ya ba shi ma'ana 134. Ya kuma lura da wata ɗabi'ar Ingilishi da ya ce tana wahalar da baƙi ƙwarai, wato liƙa wa aikatau ƴar ƙaramar kalma a bayansa ta juya ma'anarsa gaba ɗaya. *Set up* kafawa ne, *set off* kama hanya, *set in* kankamar abu kamar damina ko cuta, *set aside* jinginewa. Sanin *set* da sanin *off* ba ya ba mutum *set off*.

Dalilin wannan yalwa yana cikin tarihin ƙasar. Bayan mamayar Normawa a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin sun kwararo cikin Ingilishi, suka kama harshen kotu da coci da makaranta. Irin waɗannan kalmomi dogaye ne, ma'anarsu kuma a tsuke take. Tsofaffin gajerun aikatau na asalin Jamusanci su suka ci gaba da ɗaukar nauyin zancen yau da kullum, kowace sana'a tana jan su zuwa buƙatarta. Mai ɗori yana *set* ɗin ƙashi, maharbi yana *set* ɗin tarko, mai ɗab'i yana *set* ɗin haruffa, mai kiwo yana *set* ɗin kaza a kan ƙwai, malami yana *set* ɗin jarrabawa. Siminti in ya daskare an ce ya yi *set*, rana in ta faɗi ita ma haka. Shi ya sa ɗalibin da ya yi karatunsa da Faransanci a Yamai ko Damagaram ko Garwa yakan gane *establish* nan take, domin ya san *établir*, amma *set up* mai ma'ana ɗaya da ita ta tsaya masa a wuya. A 1945 George Zipf na Jami'ar Harvard ya nuna da lissafi cewa gwargwadon yawan amfani da kalma, gwargwadon yawan ma'anoninta.

Johnson ya jera ma'anoni bisa hankalinsa da misalan da ya tsinto daga marubutan da yake girmamawa. Ƙarni ɗaya bayansa aka zo da wata manufa dabam. A 1857 Richard Chenevix Trench ya gabatar wa Ƙungiyar Nazarin Harshe ta Landan da takarda a kan gazawar ƙamusoshin da ake da su, inda ya nemi ƙamus ya zama tarihin kowace kalma: yaushe ta fara bayyana a rubuce, yaushe kowace ma'ana ta tsiro, yaushe ta mutu. Aikin ya yi ta jan ƙafa har 1879, lokacin da maɗaba'ar Oxford ta ɗauke shi, aka naɗa James Murray, malamin makaranta ɗan Sikotilan, ya zama edita. An yi tsammanin shekara goma za ta isa. Kashin farko ya fito a 1884, kuma bai wuce *ant* ba.

Hanyar aikin ita ce masu sa kai su karanta littattafai, su kwafe jimlar da kalma ta fito a cikinta a kan ƴar takarda, da sunan littafi da shekara da shafi, su aiko. Murray ya gina wata rumfar kwano a harabar gidansa, ya cika ta da ƴan akwatunan katako sama da dubu don ajiye takardun, ƴaƴansa suna taya shi jera su bisa abajada ana ba su ɗan kuɗin kashewa. Nan da nan wata matsala ta bayyana wadda ta shafi irin su *set* kai tsaye. Masu karatu baƙuwar kalma ke jan idonsu, ta yau da kullum kuwa sai su tsallake ta. Murray ya koka cewa ya tarar da misalai wajen hamsin na *abusion*, kalmar da kusan ba mai amfani da ita, amma na *abuse* ba su kai biyar ba. Dole ya sake roƙon jama'a su riƙa kwafo kalmomin da aka saba da su, musamman inda aka yi amfani da su ta wata sabuwar hanya. In takardun kalma suka taru, edita yakan baza su a kan tebur ko a ƙasa, ya yi ta kasa su kashi-kashi, yana matsar da wannan daga nan zuwa can, har sai ya ga wace ma'ana ta haifi wace. Lambobin da ake gani a shafi sakamakon wannan kasafi ne. Wani editan, da takardun nan dai, zai iya fitar da kashi ashirin inda wannan ya fitar da talatin.

Ɓangaren harafin *S* da *set* ke ciki ya faɗo a hannun Henry Bradley, edita na biyu, kuma ya fito ne gab da Yaƙin Duniya na Farko. Murray ya rasu a 1915, Bradley a 1923, duk ba su ga kammaluwar aikin ba a 1928. Da aka fitar da bugu na biyu a 1989 cikin mujalladi 20, bayanin aikatau *set* shi ne mafi tsawo a ƙamusun gaba ɗaya: ma'ana 430, cikin kalmomi kusan 60,000. Tsawon wani madaidaicin littafin ƙagaggen labari ke nan, a kan kalma mai haruffa uku.

Sarautar ba ta ɗore ba. A shekarar 2000 aka fara fitar da bugu na uku a intanet, kuma an soma bitar ne daga harafin *M*. A wannan shekarar *make* ta wuce *set*, a 2007 *put* ta wuce *make*, a 2011 kuma *run* ta wuce su duka da ma'ana 645 ta aikatau kaɗai, bayan Peter Gilliver ya shafe wata tara yana aikinta. Marubuci Simon Winchester ya danganta wannan ɗaukaka da zamanin injina da kwamfuta, inda jirgin ƙasa da inji da manhaja duk *run* suke yi. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, domin yawancin sababbin ma'anonin *run* daga can suka fito. Sai dai gasar ba ta yi adalci ba. A lokacin da aka yi wannan ƙidaya, an sabunta *run* da kayan aikin ƙarni na 21, da rumbunan rubutu na kwamfuta masu ɗauke da miliyoyin jimloli, ita kuwa *set* tana nan kusan yadda Bradley ya bar ta shekara ɗari baya. Abin da lambobin 430 da 645 suka auna ya haɗa da harshen, da yawan shaidar da aka tara, da kuma irin hannun editan wajen yanka.

Tsarin Oxford yana da wani sakamako da ya kamata ɗalibi ya sani. Tunda bisa tarihi aka jera ma'anoni, ta ɗaya ita ce mafi tsufa, kuma tana iya zama wadda aka daina amfani da ita tun ƙarnoni da suka wuce. Malaman da suka koyar da Ingilishi a ƙasashen waje su suka fara ganin illar haka. A. S. Hornby, wanda ya koyar a Japan, ya fitar da ƙamus na masu koyo a Tokyo a 1942, Oxford ta sake buga shi a 1948, inda ya rage ma'anoni, ya ƙara misalai, ya nuna irin ginin jimlar da kowane aikatau ke shiga. Michael West, wanda ya yi aiki a Bengal, ya fitar a 1953 da jerin kalmomi kusan 2,000 mafiya amfani, tare da kason da kowace ma'ana ke ɗauka a cikin ɗari. A 1987 John Sinclair da abokan aikinsa a Jami'ar Birmingham suka fitar da ƙamusun COBUILD daga rumbun rubutu na kwamfuta, suka ba yawan amfani muhimmanci wajen jera ma'anoni. Sinclair ya tsaya a kan cewa irin waɗannan aikatau ba su da wata tsayayyiyar ma'ana in an ware su daga abokan tafiyarsu, ya kuma ba da misali da *set in*, wadda binciken ya nuna galibi abubuwa marasa daɗi take bi, kamar ruɓa da sanyi da yanke ƙauna. Don haka lamba 1 a wani ƙamus tana nufin mafi tsufa, a wani kuma mafi yawan amfani, kuma ba a sanin wanne ne sai an duba manufar ƙamusun.

Masu ƙamusun Hausa sun gamu da irin wannan dutse. G. P. Bargery, wanda maɗaba'ar Oxford ɗin nan ta buga ƙamusunsa a 1934, da R. C. Abraham a nasa na 1949, duk sai da suka yi fama da "ci", ita ma gaɓa ɗaya, wadda ba a iya rabawa. Ana cin tuwo, ana cin nasara, ana cin jarrabawa, ana cin kasuwa, ana cin bashi, ana cin amana, ana cin sarauta, ana cin mutum tara, wuta tana cin gida, aiki yana cin lokaci. Ga kuma "sha" a gefenta: shan ruwa, shan iska, shan wahala, shan kashi, shan alwashi. Claude Gouffé ya yi nazarin waɗannan aikatau biyu a 1966, kuma bayanin da ya fi karɓuwa tun daga nan shi ne "ci" ta fi karkata ga rinjaye da mallakewa, "sha" kuma ga abin da ya sami mutum ya jure. Ƙa'idar tana da inda take yoyo, tunda ana cewa ya ci duka kamar yadda ake cewa ya sha duka. Aikin da *up* da *off* da *out* ke yi wa *set* kuma, Hausa ta fi yin sa da ƙarshen aikatau, abin da F. W. Parsons ya tsara a matsayin giredi bakwai a 1960: ci, cinye, ciyo, ciyar, ciwu.

Ita kanta *set* ta shigo Hausa, amma sai da ta bi dokar gida. Kalmar Hausa ba ta cika ƙarewa da baƙi irin *t* ba, don haka aka ƙara mata wasali ta koma gaɓa biyu, "sai-ti", kamar yadda *bucket* ta zama "bokiti". Daga tarin ma'anonin da Bradley ya kasa, kaɗan ne suka ƙetaro: saitin kujeru da saitin kwanuka a ɗakin amarya, sai aikatau "saita" da ake yi wa agogo da rediyo da waya.